Shekara Goma Sha Bakwai Yana Jiran Wasa Ɗaya

Ƙarfe shida da rabi na safe, tun kafin a kunna manyan fitilun filin wasan hokin ƙanƙara, tsohuwar motar Royce Danyluk ta riga ta tsaya a bayan gini. Zai shigo riƙe da kofi biyu na gahawa, ɗaya nasa, ɗaya na Vern, dattijon da ke wasa kaifin ƙarfen da ke ƙasan takalman sulun 'yan wasanmu. Gaisuwarsu ba ta taɓa canjawa ba.

"Har yanzu ba ka mutu ba, Kyaftin?"

"Kai nake jira, Vern. Ai babba ne a gaba."

Daga nan zai ɗaure gwiwarsa ta hagu, ya naɗe bakin sandunan wasansa uku da tef, ya ɗauki bokitin faya-fayan roba da ake bugawa a madadin ƙwallo ya shiga fili shi kaɗai. Sai ya harba ɗari biyu a raga kafin yaran ƙungiya su fara shigowa suna hamma. Haka ya yi shekara goma sha ɗaya a garin nan, har zuwa makon jiya. Abin da yake nema kuwa kowa ya sani, har mai sayar da tikiti: wasa ɗaya tak a Babbar Gasa. Ba kofi ba, ba suna ba. Wasa ɗaya, wanda za a rubuta a littafi cewa ya buga.

Yana ɗan shekara sha takwas ya sa kwat, mahaifinsa Orest ya bar gonar alkamarsa a Saskatchewan ta ƙasar Kanada, suka je birni ranar da manyan ƙungiyoyi ke zaɓen matasa. Kwana biyu suna zaune a kujerun sama. An kira suna sama da ɗari biyu. Duk wanda aka kira sai ya miƙe, uwarsa ta rungume shi, ya sauka a sa masa riga. Royce yana zaune har masu shara suka iso layinsu.

"Ƙila sunan ne ya yi musu wuyar faɗa," in ji Orest. "Tashi mu tafi, ciyawa na jiranmu."

Da yawa daga ranar suke rataye takalmi. Shi wasiƙu ya zauna ya rubuta, talatin da ɗaya. Ƙungiya ɗaya ce ta amsa, can kudu, a gasar da ba ta da ta ƙasa da ita, ta ce ya zo gwaji na mako guda. Ya yi shekara uku. Ba shi ne mafi gudu ba, hannunsa ma ba na masu burgewa ba ne, don haka ya ɗauki aikin da kowa ke gudu: tsayawa a bakin ragar abokan hamayya, inda sanda ke sauka a gadon baya, da kwanciya gaban faifan da aka harbo da dukkan ƙarfi. Haƙora biyar ya bari a garuruwa huɗu. Ya kwana a bas, ya tashi a bas. Matarsa Marnie ta ce gida bakwai suka zauna ba ta taɓa zubar da kwalayen kaya ba, ninke su take yi ta tura ƙarƙashin gado.

A haka ya hau, mataki-mataki, har ya iso ƙungiyarmu, wadda daga ita sai sama, wato Babbar Gasa.

Wata Juma'a a watan Fabrairu, yana da shekara ashirin da tara, koci ya kira shi ofis.

"Je ka haɗa jakarka."

"Ina kuma aka sayar da ni?"

"Sama za ka, sakarai! Mutum biyu sun ji rauni. Lahadi da rana za ka buga."

Orest ya yi awa goma sha ɗaya yana tuƙi cikin dusar ƙanƙara. Ranar Lahadi da aka fito motsa jini, 'yan wasan babbar ƙungiya suka yi masa abin da ake yi wa kowane sabon shiga: suka tura shi gaba, suka tsaya a bakin ƙofa suna dariya. Ya zagaye fili sau biyu shi kaɗai, ba hular kwano, iska na kaɗa gashinsa, mutum dubu goma sha takwas na kallo.

Aka fara wasa. Layin 'yan wasa na farko ya shiga ya fito, na biyu, na uku. Minti huɗu da 'yan daƙiƙai koci ya dafa kafaɗarsa. Royce ya miƙe, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katangar benci. Sai usur. Kocin ɗaya ɓangaren ne ya yafuto alƙalin wasa yana nuna masa takarda. Alƙali ya sulalo wajen bencinsu, bai ma iya kallon Royce a ido ba.

"Lamba hamsin da uku ba ya cikin takarda."

Kafin kowane wasa ana miƙa sunaye ashirin, wanda babu sunansa ba ya taka ƙanƙara, ko ɗan wane ne. Mataimakin koci ya kwafi jerin wasan da ya wuce, ya bar sunan mai rauni, ya manta da baƙo. Royce ya sauke ƙafarsa. Ya bi ta dogon lungu zuwa ɗakin canja kaya da rigar da ko gumi ba ta sha ba, yana jin ihun 'yan kallo ta cikin bango.

Bayan an tashi ya tarar da mahaifinsa a bakin lungu, hula a hannu.

"Na gan ka," in ji Orest. "Zagaye biyu, kai kaɗai."

"Tato," in ji Royce, don haka yake kiran mahaifinsa, "wannan ba ya cikin lissafi."

"Lissafin wa?"

Ranar Talata masu rauni suka warke. Ranar Laraba da ƙarfe shida da rabi motarsa na bayan gininmu.

'Yan jarida sun bi shi ya faɗi sunan wanda ya yi kuskuren, har yau bai faɗa ba. Abin da ya yi shi ne, daga ranar, kafin kowane wasa sai ya karɓi takardar daga hannun koci, ya bi sunaye ashirin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu ya kama kuskure. Vern ya ƙirga 'yan wasa arba'in da ɗaya da suka zauna ɗaki ɗaya da shi aka kira su sama. Kusan dukansu shi ya kai su filin jirgi, kuma magana ɗaya yake sallamarsu da ita: "Ka duba takardar da idonka." Sai ya koma gida ya kalli wasansu na farko a talabijin, ya kashe sauti. Marnie ta ce shekara shida wayarsa ba ta taɓa kwana a kashe ba, kwat ɗinsa kuma tana rataye a bayan ƙofa cikin ledar mai guga.

Royce, kai ne wanda ya koya wa yara hanyar gidan da kai ba a buɗe maka ba. Kai ne mai rakiya, kullum ka juyo daga bakin ƙofa.

Akwai doka ɗaya da ya kafa tun da aka ba shi kyaftin. Abokin ɗakinsa na shekarun bas, Blaine, ya sha duka a ka ya riƙa ɓoyewa don kada a ajiye shi, kamar yadda kusan kowa ke yi. Yau Blaine ba ya iya zama inda fitila ke kunne. Saboda haka Royce ya ce, duk wanda kansa ya bugu a ƙungiyar nan zai gaya wa likita, in bai faɗa ba shi zai faɗa. Ya kuwa aikata, har sau uku. Ɗaya daga cikinsu ya kira shi munafuki a gaban kowa, ya yi kaka guda ba ya amsa gaisuwarsa.

Juma'ar makon jiya wani ƙato ya haɗa shi da gilashin katanga, har na kujerun sama suka ji ƙarar. Ya tashi, ya girgiza kai, ya ƙarasa wasa. Gwajin likita kuma ya ci, don shekara da shekaru yana jin tambayoyin, ya haddace su.

Asabar da safe wayar ta yi ƙara. Manajan babbar ƙungiya ne da kansa. Wasansu na ƙarshe a kakar bana gobe ne, ba abin da zai ƙara musu ko ya rage, kuma sun ji Royce na shirin ajiyewa. "Mun daɗe da abin nan a ranmu," in ji shi. "Jirgi ƙarfe biyu. Wannan karon da hannuna zan rubuta sunanka."

Ɗaki ya kaure da ihu. Aka watsa masa ruwa, wani ya ce a nemo wa kaka sandar dogarawa kada ya faɗi a matakalar jirgi. Ya sulale ya shiga wajen Vern karɓar takalmansa. Suna kan tebur, an wasa su sai ƙyalli. Ya miƙa hannu, hannun ya damƙi iska, taƙi guda daga gefen takalmin.

Vern ya kashe injin.

"Guda nawa kake gani?"

"Huɗu."

Dattijon ya tura ƙofa da ƙafa ta rufe. "Ni ban ga komai ba, ka ji ko? Minti shida za su ba ka, in sun yi yawa bakwai. Ka kauce wa katanga, ka taɓa faifai sau ɗaya, ka fito. Shekara goma sha bakwai, Royce! Ɗauki takalmanka ka ɓace mini."

Ya ɗauka. Marnie ta kawo masa kwat a mota. Kallo ɗaya ta yi wa idanunsa ta gane, matar da ta ga kowane irin rauni a jikin nan.

"Ba zan ce kada ka je ba," ta ce. "Na san abin da ka biya, tare muka biya. Amma in ka dawo, kai za ka shiga ɗakin can ka kalli yaran nan, ba ni ba."

Minti arba'in ya yi zaune a mota, injin na aiki, kwat na kujerar baya. Vern na leƙensa ta taga. Sai ya ga an kashe mota. Royce ya fito, bai bi ta ƙofar baya ba, ya ratsa tsakiyar ɗakin canja kaya inda kowa ke zaune, ya ƙwanƙwasa ƙofar likita, ya bar ta a buɗe.

"Likita, ƙarya na yi maka jiya. Komai biyu nake gani."

Wanda ya taɓa kiransa munafuki ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da tawul.

Saura waya ɗaya. Orest, mai shekara saba'in da huɗu, ya riga ya cika tanki.

"Tato, kada ka taso."

"Sun sake mantawa?"

"A'a. Ni na cire sunana."

"Kan ne?"

"Shi ne."

"Ka yi daidai," in ji tsohon. Can kuma, da wata murya: "Amma na so in gani, Royce."

"Ni ma, Tato."

Likitoci sun ce ya isa haka, shi ma bai yi musu ba. Littafin gasa zai nuna wasa dubu ɗaya da arba'in da shida a ƙananan gasa, a layin Babbar Gasa kuma ba komai. Ba zan ce abin bai dame shi ba, don ya dame shi, kuma zai daɗe yana damunsa. Duk lokacin da wani yaro ya fito zagayensa na farko, na san inda zuciyarsa za ta tafi.

Royce, ɗan Orest, mai gadin bakin raga, mun gode. Kai ne ka kafa doka, ranar da ta zo kanka da tsada mafi girma ba ka ce ban da ni ba. Mun gode da haƙoran, da gwiwar, da safiyoyin da ba wanda ya gani. Marnie, ke ma mun gode.

Ku kuma da kuka zauna a kujerun sama ba a kira sunanku ba, a wasa ne ko a wani aikin, ku dubi mutumin nan ku zo aiki gobe da wuri. Masu buga wasa, in kanku ya bugu ku buɗe baki, wanda ya fi ku asara ya buɗe nasa.

Asabar mai zuwa, kafin a jefa faifai, za a shimfiɗa masa darduma ya tako tsakiyar fili da takalmin gida. 'Yan wasan ɓangarorin biyu za su jeru su buga sanduna a ƙanƙara. Ku zo, ku cika kujerun nan. Idan mai sanarwa ya kira sunansa, ku miƙe tsaye, kada kuma ku yi saurin zama.