Ayuba Mai Jita a Bikin Rumde Ajiya

Ayuba ya koyi jita a cocin mishan, ya fito da ita mashayun bakin kogin Binuwai tun kafin a datse ruwan Lagdo. A zamanin, idan ƙungiyarsu za ta yi wasa a Garwa, direbobin manyan motoci sukan ɗage tafiya. Su biyar ne. Yanzu shi kaɗai ya rage, da haƙora kaɗan da muryar da ke karyewa idan ta hau sama.

Abin da bai taɓa bari ba shi ne kiran suna. Kafin ya fara waƙa sai ya tambayi sunan mai gida da na ubansa da garinsu, ya saka su cikin baiti. Don wannan ake gayyatarsa har yau, kuma da shi yake ci.

Da Alhaji Mahamman dillalin shanu zai aurar da ɗansa a unguwar Rumde Ajiya da ke Garwa, ya aika aka kira shi. Da la'asar Ayuba ya iso, ya miƙa wayar jitarsa ga Munir mai kayan sauti. Munir ya naɗe ta ya ajiye.

"Baba, tsohon kaset ɗinka za mu sa. Kai dai ka riƙa motsa baki."

"Ɗana, ai ban mutu ba."

"Muryar ce ta riga ka, Baba. Akwai manyan baƙi."

Ayuba ya dubi rumfar cike da jama'a, ya rataya jitarsa ya tsaya gaban makirufo.

Da aka kunna kaset, muryarsa ta samartaka ta fito garau, mata suka yi guɗa. Sai kaset ya kai wurin kirari, ya shiga kiran attajiran da aka yi waƙar dominsu, waɗanda duk sun daɗe a ƙasa. Ayuba ya ɗaga murya ya kira Mahamman ɗan garin Mindif, amma makirufonsa a kashe yake. Ko na kujerar gaba bai ji ba.

Bayan an watse Alhaji ya tare shi a bakin ƙofa.

"Malam Ayuba, na kira ka bikin ɗana ka zo kana yi wa matattu kirari?"

"Alhaji, na kira ka."

"Da kunnena nake zaune."

Dillalan shanu a kasuwa ɗaya suke hira. Tun daga ranar babu wanda ya sake aika masa.