Yaron da Aka Ɗauke Daga Zauren Shayi

Na yi yawon duniya, na ga abin dariya da abin kuka, amma ranar da na tsaya tafinta gaban wata alƙaliya a Libreville, har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ita ba.

Na daɗe a Gabon, kuma da yake ina jin Faransanci, in an kama Bahaushe ni ake aikowa a kira. Ran nan jandarma, wato jami'an tsaron ƙasar, suka tsare wani kwalekwale a gaɓar tekun Akanda, kusa da Libreville. Cikin fasinjojin akwai wani dogon yaro mai tabon harsashi a cinya. Wani fasinja ya rantse ya gan shi da bindiga ranar da mayaƙan daji suka ƙona ƙauyensu. Magana ta tsaya kan abu ɗaya: in babba ne, za a mayar da shi gida a ɗaure a yi masa shari'ar mayaƙi, in yaro ne, a miƙa shi ga masu kula da yara. Takardar haihuwa kuwa babu ita.

Alƙaliya ta tambayi shekarunsa. Ya turo ƙirji ya ce, "Ashirin."

Tafinta ba ya gyara magana, don haka na fassara yadda ya faɗa. Na zauna a Saliyo bayan yaƙi, na ratsa Kongo, na san irin wannan turo ƙirjin. A daji, wanda ya ce shi yaro ne duka yake sha, don haka suke ƙara wa kansu shekaru. Na roƙi alƙaliya ta bar ni in yi masa tambaya irin ta gida, in fassara mata kowace kalma. Ta ce bismilla, da harshensu.

Na ce, "Ɗana, ina kake ranar da mayaƙan suka ɗauke ka?"

"A zaure, Baba. Muna kwance."

"Kwance da rana tsaka? Raggo ne kai?"

Ya sunkuyar da kai, murya ta yi ƙasa. "Shayi aka yi mana. Ko wando ba mu fara sawa ba. Inna ta kawo mini kaza, ban ƙarasa ci ba suka shigo."

"To, azumi nawa ya same ka a dajin?"

Ya ƙirga da yatsu, hannu ɗaya ya ƙare, ya ƙara yatsa guda.

Na juya ga alƙaliya na yi mata bayani: a ƙauyukanmu, lokacin sanyi ake tara yara sa'o'in juna, 'yan shekara bakwai ko takwas, wanzami ya yi musu kaciya, su yi jinya a zaure ɗaya. Ta dubi fasinjan da ya yi rantsuwar ta tambaye shi ko haka al'adar take. Bawan Allah nan, da aka kashe masa ƙane a harin, ya dubi yaron. Sannan ya ce, "Haka ne. Ɗana ma bara aka yi masa." Na san irin nauyin da faɗin wannan gaskiyar ya yi masa, kuma har yau ina girmama shi.

Alƙaliya ta sa likita ya duba yaron, likita ya tabbatar ƙasusuwansa ba su gama girma ba. Da muka dawo zama na biyu, ta ce wanda aka ɗauke a wannan shekarun aka ɗora masa bindiga, shi ma zalunci aka yi masa, kuma ba za a gurfanar da shi a matsayin babba ba. Na fassara masa, bai gane ba. Na ce, "An ce kai yaro ne." Ya dube ni a tsorace, yana jiran mari. Da ya ga babu, sai ya fashe da kuka irin na yara, baki buɗe. Ni kuwa dariya nake, hawaye na jiƙa gemuna.

Yau yana koyon walda a unguwar Oloumi, nan Libreville. In na wuce ya kan ɗaga tabarau ya ce, "Baba, yanzu fa na kusa ashirin ɗin." In ce, "Jira ta zo da kanta, ja'iri."

Abin da na koya shi ne, bindiga tana ƙara wa yaro tsawo a idon mutane, ba ta ƙara masa shekara. Kafin a tambaye shi abin da ya aikata, a fara tambayarsa daga ina aka ɗauko shi.