Shirun da Na Yi a Gidan Tsalle

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da aka tafi da ni zaɓa wa ɗana wurin koyon tsalle-tsalle ba. Shekara shida ke nan, amma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ni 'yar Kaikai ce, aure ya kawo ni Kankia. A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Haka na tashi na gani, haka na riƙe, har ina taƙama da cewa babu wanda ya taɓa jin sunan yaron a bakina.

Shi kuwa Allah ya yi shi da ƙiriniya. Babu katangar unguwarmu da bai san bayanta ba. Yana shekara tara ya ga wani bidiyo a waya, yara suna gudu suna haye katanga suna lilo a jikin ƙarfe, shi ke nan muka rasa sukuni. Babansa direba ne, kullum yana hanyar Kano da Katsina. Ya ce gara a kai shi inda za a koya masa, da ya je ya karye a katangar maƙwabta. Ya bar wa yayansa zaɓen wuri, ya ce in bi su.

Wurare biyu muka je. Na farko na wani tsohon malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya, a bayan gidansa. Tsofaffin tayoyi ne da gungumen itace da igiya, sai yashi da ƙafa ke nutsewa a ciki har idon sawu. Tsohon ya dubi yaron ya ce, "Nan sai an yi wata guda ba a hau komi ba. Hwaɗuwa nike koya masu tukuna."

Muna fita yayan mijina ya kwashe da dariya. "Mu kawo yaro a koya mashi birgima kamar jaki?"

Na biyun sabo ne fil, a bakin titi. Ƙarafa sun sha fenti ja da shuɗi, ga kiɗa, ƙasa kuma an shimfiɗa koren kafet mai kama da ciyawa. Yaro ya rikice, sai zagaye yake yi. Ni kuwa ina gefe, na zare takalmi na danna kafet ɗin da diddige. Na sha daɓe a ɗakin uwata, ƙafata ta san ƙasa mai tauri. Na ɗaga bakin kafet ɗin da ɗan yatsan ƙafa, sai ga siminti. Na ɗaga kai na dubi ƙarfen sama, ya fi tsayin namiji.

Daidai nan yayan mijina ya juyo, ga mai wurin, ga iyayen wasu yara. Ya ce, "To, uwar yaro, ke mi kika gani?"

Maganar tana kan harshena, wallahi. Da ƙanwar yaron ce za ta hau, ba ɗan fari ba, da na faɗa ba tare da na yi tunani ba. Sai na ja mayafi na sunkuyar da kai na ce, "Ina ruwana da shi, Yaya? Duk inda kuka zaɓa ya yi."

Ya dubi mutane ya ce, "Kun ga ɗiyar gidan mutunci." Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, na ji daɗin yabon nan.

Nan aka sa shi. A mako na uku, bayan la'asar, aka kawo mini shi a keke napep. Hannunsa ne ya yi gumi ya zame daga ƙarfen sama, ya faɗo a kan ƙugu. Ko kuka ba ya iyawa, sai numfashi sama-sama. Muka yi wata biyu wajen mai ɗori a Kusada, daga baya aka wuce asibiti, amma ƙashin ya riga ya kama a karkace. Ƙafar ta gajarce. Yanzu ɗinki yake koyo, kuma in yara suka wuce da gudu ta ƙofar shagon, sai ya duƙar da kai kan keke kamar zare ne ya tsinke.

Kowa ya ce ƙaddara ce, ban kuma musa ba. Amma abin ya zauna mini a ƙirji. Bara, muna tsakar gida ina shafa masa man zafi a ƙugun, na kasa riƙewa. Na ce, "Ran nan na ga simintin. Na gani na yi shiru."

Sai ya ce, "Na sani, Inna. Na gan ki kina taka shi. Ni ma na ji tsoron tsayin ƙarfen. Da na ga ba ki ce komi ba, sai na ɗauka babu komi."

Babu fushi a muryarsa, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka a gabansa, abin da ban taɓa yi ba.

Ranar na gane cewa yaro bai san kunya ake yi ba, shirun uwarsa kawai yake gani, ya ɗauka izini ne. Ban zubar da al'adar gidanmu ba. Amma duk uwar da ta tambaye ni, ina ce mata ta taka ƙasar da ƙafarta, in kuma ta ji tauri ta buɗe baki ko a gaban wa take. Ni an yaba mini na minti ɗaya, ɗana ne yake ɗingishi.