Na Raka Ɗiyata Awon Ruwan Sama

Talata: Wurno zuwa Rabah

Mun bar gida ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, ni da ɗiyata Hafsatu. Dalilin tafiyar zan faɗe shi a jere. Na ɗaya, Hafsatu malamar sakandare ce a nan Wurno, aikin gwamnati mai fansho. Na biyu, wata cibiyar bincike ta ba ta gurbin digiri na uku, wanda ’yan rediyo ke kira digirgir, a kan ilimin yanayi. Shekara huɗu ne, kuma dole ta ajiye aikin. Na uku, mijinta ya yarda, amma ta ce ba za ta amsa ba sai na sa albarka, ga shi jibi Alhamis wa’adin amsa ke cika. Ni kuwa shekara talatin na yi ina tsaron sito, ban taɓa sa hannu a kan kayan da ban gani ba. Na ce sai na ga aikin da idona.

Aikin, a yadda ta bayyana mini, wasu kofuna ne masu zane a jiki da ta kafa a ƙauyuka tun farkon damina, ana auna ruwan da ya sauka. Wato a bar fansho a bi kofi.

Mota ta cika ƙarfe bakwai da minti goma. Mu huɗu a baya, na biyar buhun albasa. A shingen bincike jami’in tsaro ya leƙo ya tambaye ni inda za mu.

Na ce, “Za mu duba ko an yi ruwa.”

Ya dubi taɓon da ke takalminsa, ya dube ni, ya ce, “Baba, an yi.” Direba ya yi ta dariya har Rabah. Mun isa takwas da rabi, muka karya da koko da ƙosai. Kokon ya yi ruwa, na faɗa wa mai shi.

Rabah zuwa Maikujera

’Yan kabukabu biyu muka ɗauka. Nawa ya ɗauka jirgi yake tuƙawa, sai da na ja kunnensa sau biyu. Mun sauka goma saura minti biyar a ƙofar gidan Malam Isiyaku, manomin geron da Hafsatu ta bar wa kofi da littafi.

Sandar da aka kafa tana nan a fili, babu kofi a kanta. Bayan gaisuwa Hafsatu ta ce, “Kawu, ina ma’aunin?”

“Yana nan lafiya lau, ɗiyata.”

Ya shiga ɗaki ya fito da shi naɗe cikin tsohon rawani, yana ƙyalli kamar yau aka saye shi. Ya ce, “Da na ga hadari ya taso sai in ruga in ɗauke shi. Wallahi ko ɗigo bai taɓa shi ba. Kayan amana, in bar shi ruwa na dukan shi? Mi zan ce miki in ya lalace?”

Na karɓi littafin. Wata biyu cur, kowace rana sifili, da rubutu mai tsabta. A takarda dai, ba a taɓa fari irin na Maikujera ba, alhali gero ya kai mini ƙugu. Na yi dariya har hulata ta faɗi. A raina na ce magana ta ƙare, yarinya za ta koma ajinta.

Na zaci za ta yi kuka. Sai ta zauna a tabarma ta gode masa da riƙon amana, ta nuna masa cewa dukan ruwan shi ne aikin kofin. Sannan ta tambaye shi shukar bana. Nan fuskarsa ta canza. Sau biyu ya yi shuka. Ruwan farko ya sauka, ya zuba iri, sama ta ɗauke kusan mako uku, shuka ta ƙone. Ta biyu da geron abinci ya yi ta.

Ban yi dariya a nan ba. Gonata ta fadama ma haka ta yi mini bana, ban dai faɗa wa kowa ba.

Mun kwana a Rabah gidan wani aminina. Tuwon dawa da miyar kuka, babu abin kushewa. Sauron garin kuwa ba ya duba shekarun mutum.

Laraba: Goronyo da Kagara

Mun tashi shida daidai, muka canza mota sau ɗaya, muka shiga Goronyo sha ɗaya saura kwata. Muka ci soyayyen kifi, Hafsatu ta ci ɗaya, ni uku. Daga nan kabukabu zuwa Kagara, wurin Inna Kulu, tsohuwa mai noman wake da ke riƙe da kofi na biyu.

Kofin na kan sandarsa, amma littafin fari fat. Na gyara murya zan yi magana, tsohuwar ta riga ni.

“Kai dattijo, kada ka yi mini kallon sufeto. Ban iya boko ba, amma ban iya ƙarya ba.”

Ta jawo wata igiya daga ƙarƙashin gado. Kowace safiya takan tsoma tsinke a kofin, ta karya shi daidai inda ruwa ya tsaya, ta ɗaure a igiyar. Ranar da ba a yi ruwa ba, ƙulli kawai. Kowace Juma’a da jan zare. Na bi igiyar da yatsa daga farko har ƙarshe ina neman kuskure, ban samu ba. Ga ƙulli goma sha tara a jere, babu tsinke ko ɗaya, kwanakin da suka ƙone mini iri. Sitona ma bai taɓa tsaruwa haka ba.

Inna Kulu ta ce wa Hafsatu, “To malama, na yi nawa. Baɗi yaushe zan yi shuka? Ruwan farko ko in jira?”

Hafsatu ta ce, “Inna, ban sani ba tukuna. Shi za ni nema.”

“To mi kika tsaya yi? Tahi mana!”

Hafsatu ta nuna ni da ido. Tsohuwa ta juyo. “Au, kai ka tare ta? Kana da amsar ne?”

Na ce ba ni da ita. Ta ce to in kauce.

Komawa gida

Mun baro Goronyo huɗu da kwata, bayan la’asar. Sai da muka wuce shingen ƙarshe na yi magana. Na ce na sa albarka, da sharaɗi uku. Na ɗaya, ta gama a shekara huɗu, ba biyar ba. Na biyu, sunan Inna Kulu ya shiga littafin da za ta rubuta. Na uku, kofunan nan ni zan riƙa zagaya su duk mako biyu, don aikin ba ya da mai tsawatawa.

Ta rufe fuska da mayafi. Direba ya ce, “Baba, lafiya take kuka?”

Na ce, “Dubi hanyarka.”

Mun isa Wurno shida saura minti ashirin. Tun ba ta cire takalmi ba ta aika da amsar ta waya. Na gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu, na gode wa aminina na Rabah da Inna Kulu. Malam Isiyaku kuma ya sani ina tafe, kuma in na tarar da kofin nan a bushe, ni da shi ne.