Kunnen Malam Nababa

Da hantsi Malam Nababa yake buɗe rumfarsa a bakin kasuwar Makoda. Ya share tebur, ya ɗora ƙarfen dalma a wuta, ya rataya tsohon hedifon ɗinsa mai ɗaurin salatif a wuya. Shekara talatin da huɗu yana gyaran rediyo da amfilifayar masallatan ƙauyukanmu. Duk ladanin da kuka ji muryarsa ta fita tas, hannun Nababa ne.

Yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi masa tsiya a kai. In zai gwada na'ura biyu, ba ruwansa da suna ko ƙyalli. Sai ya rufe ido, ya ce numfashin mai magana yake nema.

Shekara uku da suka wuce muka tashi kwafe kaset sittin na tafsirin marigayi Limaminmu zuwa waya, kafin zaren ya lalace. Kamaruddeen ɗan Liman ya kawo amfilifayar hedifon guda biyu daga Kano, ɗaya mai ƙyalli ɗaya baƙa, masu tsadar gaske, don a zaɓi wadda za a bi da sautin ta cikinta. Malam ya saurari wannan, ya saurari waccan.

Ya ce, "Mai ƙyallin nan akwai zaƙi, amma ƙarya take yi, ta goge muryar Liman sumul. Baƙar kuwa, ga tarinsa, har kukan zabin bayan gida ina ji."

Ni na fara dariya, wallahi ni ne. Na ce, "Haba Malam, tafsiri za mu ji ko zabi? Kunnenka dai ya tsufa."

Ya sauke hedifon a hankali ya ce, "To, yadda kuka gani."

Muka kwafe da mai ƙyallin, muka kai wa Inna Hure, matar marigayin. Ta saurara ta ce, "Wane malami ne wannan? Ya iya karatu kuwa." Kunya ta rufe mu.

Nababa ya kwashi kaset sittin ɗin, ya yi wata uku yana sake aikin da baƙar. Da aka kunna wa Inna sai ta dafe ƙirji. "Malam ne! Ga yadda yake jan numfashi kafin ya ce, to jama'a." Ta yi kuka har ta gode Allah.

Sai daga baya Mairo matar Nababa ta faɗa mana cewa tun kafin aikin kunnensa na hagu ya mutu, likita ya hana shi sa hedifon. Da ɗan abin da ya rage a na dama ya yi mana wata ukun nan.

Kai ne, Nababa, mai kunnen gaskiya. Na zolaye ka a daidai inda yake maka ciwo, kuma shekara uku ina cewa gobe zan zo in ba ka haƙuri.

Juma'ar da ta wuce Nababa ya rufe rumfa, ya ajiye sana'ar. Bayan sallah muka yi masa godiya ta lasifikar da shi ya ɗaura. Yana sahun gaba yana murmushi, sai ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Sanarwar me ake yi?"

Shi ya sa na rubuta. Jama'a, ku yi aiki irin nasa, kuma wanda kuke da shi irinsa ku gode masa yau, yana ji. Malam Nababa, Allah ya saka maka da alheri. Idonka dai yana gani: ka yafe mini.