Telan da ba kasafai yake auna mutum ba

Baba Tela dai ba kasafai yake auna mutum ba, tef ɗinsa na nan a wuya kullum amma ado ne kawai, har gumi ya goge lambobin. Kana shiga shagon zai ɗago kai daga keke ya dube ka daga sama har ƙasa ya ce ajiye yadin ka tafi, shi ke nan, kuma kayan su zauna maka kamar da su aka haife ka. Da wannan ya yi suna, da shi ya ci da iyalinsa, layin nan kaf Mai Ido ake ce masa.

To sai idon ya fara gajiya. Shi kaɗai ya sani, ko zare zai sa a allura sai ya juya baya. Ranar da ya ɗinka wa surukinsa wando ya tsaya a ƙwauri, surukin don kunya ya ce ai haka ake yayi yanzu, ya saka abinsa ya tafi aiki. Ranar Baba bai ci abinci ba. In ya ciro tef a gaban mutane ai suna ya tafi ke nan.

Sai kawai ya fara rungumar mutane. Mutumin da ko hannu da ƙyar yake miƙa maka, yanzu kana shigowa zai taso ya kama ka, ya dafa kafaɗa, ya bi hannunka da yatsu taƙi-taƙi yana tambayar ya yara, ya tsuguna wai zai kaɗe maka ƙafar wando. Mai shayin ƙofar shago ya ce tsufa ne ya sa masa taushin zuciya, wani direba kuma ya ce a dai bincika ko Baba bankwana yake yi da mu. Kaya dai suka koma zama daidai.

Matarsa ce kawai ta gane, da ta kawo abinci ta tsaya tana kallon ikon Allah. Washegari sai ga ta da yadi, ta ajiye kan teburin yanka.

"Malam ni ma a auna ni."

Ya dube ta ta saman keke ya ce ke ai na san awonki.

"Na da ka sani," in ji ta.

Ya leƙa waje ba kowa, ya tura ƙofa, ya kaɗe zaren jikinsa.