Ƙafar Kaza da Hannun Sale Mahauci

Ku yarda ko kar ku yarda, da ƙafar kaza na taɓa tayar da hannun ƙato. Ku sababbin ma'aikata, ku matso.

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mana Sale ba. Zamanin da salula ta fara shigowa ne, ina mataimaki a sashen gashin ƙashi na wani ƙaramin asibiti a Samaru. Aikinmu mu koya wa gaɓar da ta sandare motsi. Shugabata Madam Rahila, macen da ko ƙarfe ta harara sai ya lanƙwashe.

Sale mahauci ne a kasuwar Sabon Gari. Ya faɗo daga acaɓa, hannun dama ya karye, aka yi ɗori. Ƙashi ya haɗe tuntuni, amma don tausayi matarsa Hinde ba ta barin ya ɗaga ko cokali, a baki take ba shi tuwo. Hannu ya rame kamar tsinken tsire. Ga shi Sarkin Fawa ya ce in bai dawo kafin babbar Salla ba, wani zai ba teburinsa.

Sale ya ce, "Madam, hannun nan ya mutu, a bar wahala."

Ta dube ni. "Bala, naka ne. In ya rasa tebur, kai ma ka nemi naka."

Washegari na zo da ɗanyar ƙafar kaza. Na ja farar igiyar da ke cikinta, yatsu suka dunƙule. Na saki, suka buɗe. Sale ya zabura yana salati.

Na ce, "Shekara nawa kana yanka kaji, ba ka taɓa ja ba? Haka hannunka yake. Ƙwaƙwalwa ta aiko saƙo ta jijiya, tsoka ta takure, ta ja igiya, ƙashi ya bi. Tsoka ba ta iya turi, sai ja. Ta gaban damtse ta lanƙwasa, ta baya ta miƙar. Naka ba mutuwa suka yi ba, zaman banza ne ya cinye su."

Na juya ga Hinde. "Daga yau shi zai ci da kansa."

"Yunwa za ta kashe min shi!"

"Wannan cikin? Zai kai baɗi."

Ba ƙaramin yaƙi aka yi ba. Loma ta faɗi a riga, a kunne, har kajin gida suka yi ƙiba. Yana gumi yana zagina, ni kuma ina ƙara masa nauyi: lemo, kwalbar ruwa, bulo. A nan na gane wani lokaci tausayin 'yan gida shi ne ciwon da ya fi wuyar magani.

Ana jajiberin Salla na iske shi a teburinsa yana saran ƙashin bijimi. Ya kama hannuna ya matse, sai da na kira sunan kakata.

Na ce, "Ka ga aikina?"

Ya ce, "Aikinka? Ni na yi gumi. Kai duk jikinka tsokar baki ce kaɗai ke zuwa aiki!"